Tukunya Biyu a Murhun Goggo Zugwai

Ran Litinin ake jiƙa dawar,
ja, ta kasuwar Kakuri, ba fara ba.
Goggo Zugwai ta ce fara ba ta da zuciya.
A shimfiɗa kan buhu, a yayyafa ruwa,
a lulluɓe, a yi kamar an manta.

Kwana uku sai ta yi gemu.
A shanya ta. Ni ke kai tsiron injin niƙa
can bayan layin dogo, bokiti a ka.
Mai injin ya shaƙi ƙamshi, ya ja tsaki,
ya ƙirga kuɗinsa tsaf, sannan ya ce in fita.

Dahuwar fari da asuba ce.
Ta biyu sai ruwan ya kwana ya yi tsami.
Goggo ta tsoma yatsa, ta lasa, ta yi shiru,
mu ma mu yi shiru, har kaji.
In ta ce "da saura," to da saura.
Wa zai ja da harshen da ya shekara arba'in bakin wuta?

In Disamba ta raba tsakiya
sanyi kan hauro daga kogi bayan magariba,
ya bi ta ƙasan ƙofa, ya kama gwiwa,
ya shige ƙashi kamar mai bin bashi.
Lokacin take ɗibar burkutu a ƙaramar tukunya,
ta daka cittar Kachiya, kanumfari uku, masoro kaɗan,
zuma rabin ludayi in an samu,
ta ja itace baya, ta bar garwashi kawai.
"Ɗumi nake so. In ya tafasa ya mutu,
sai dai a zuba wa alade ya huta."

Baba Didam ke fara zuwa,
da rigar sanyin da masaƙa ta ba su
shekarar da ba a san za a rufe ta ba.
Yatsunsa huɗu a dama, inji ya ci ɗaya,
da huɗun yake rungumar ƙwarya kamar jinjiri.
Sai Kambai na reluwe, mai tari,
wanda kullum gobe za a biya shi fansho
tun ina 'yar makaranta.

Na ƙarshe Malam Tanimu, in ya idar da lisha.
Shi ba ya sha, kowa ya sani, ba a ma tayi.
Tasa tukunyar daban, a kan dutse na gefe:
kunun tsamiya, citta ɗaya da ta wancan.
Kofinsa shuɗi yana da ƙusarsa a bango,
ko ni na taɓa shi da hannun giya sai na sha faɗa.
Shekara goma sha tara suna aikin dare ɗaya da Didam,
yanzu gardamarsu guda ce:
wa ya fara yin barci a kan aiki, wa ya rufa wa wani asiri.
Har yau ba a yanke ta ba.
Tururi biyu ke tashi, su haɗu a ƙarƙashin kwano,
ban taɓa iya raba su da ido ba, ko na ƙura masa fitila ta.

Bana zazzaɓi ya kwantar da Goggo wata guda.
Ta tashi, amma harshen bai tashi da ita ba.
Gishiri da zuma duk ɗaya, in ji ta.
Jiya da yamma ta kama hannuna,
ta tsoma yatsana a randa, ta kai bakina,
ta zuba min ido.

Tsami ne, da ɗan zaƙi a baya, da wani abu
da ban san sunansa ba.
A waje Kambai na tari, Baba Didam na jan kujera.
Na ce, "Da saura."
Ta daɗe tana kallona.
Sannan ta ce, "To rufe. Je ki rage wuta."