Jimla Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Sharaɗa.
Janareto na tari a bayan ofis,
shayina ya huce har ya yi fata,
allon gabana ya cushe kamar 'Yan Kura da la'asar,
saƙo a kan saƙo, babu mai matsa wa wani.

Na buɗe cikinsu ɗaya bayan ɗaya.
Rabi maimaici ne.
Eriyar Goron Dutse ta faɗa, ta Kurna ta ji,
ta Kurna ta juyo tana faɗa wa wadda ta faɗa mata,
kamar mai kawo maka labarin da kai ka ba shi jiya,
har yana roƙon kada ka gaya wa kowa.

Sai Baba ya faɗo mini a rai.
Shagonsa biyu, ɗaya Kwari, ɗaya Singa,
Nafi'u a can, Mudassir a nan.
Bayan isha'i kowa ya raɗa masa cinikinsa,
shi kuwa yana tsimin magana kamar kananzir.
Ya ɗaga murya sau ɗaya tak:
"Dubu tamanin da bakwai."
Nafi'u ya cire hamsin ɗinsa, ya san na ƙaninsa.
Mudassir ya cire nasa, ya san na wansa.
Baki ɗaya, kunne biyu, kowa ya tashi da amsa.

Abin da na yi shekaru ina haddacewa a jami'a,
da alli, da bashin kuɗin rajista,
Baba na yin sa a kan tabarma, yana sakace.

Haka muke koya wa na'urar tsakiya:
kada ki yi sawu biyu kan abin da sawu ɗaya zai kai,
gauraya na gabas da na yamma, ki cilla sau guda,
kowa ya tsame nasa, saura shi ne rabonsa.
Amma gaurayen ma kan zama kaya.
In jimlar ba ta ƙara wa mai ji komai ba,
hayaniya ce ta sa babbar riga.
Don haka na rubuta mata layi shida a daren nan:
saurara tukuna,
ƙirga abin da maƙwabciya ta riga ta riƙe,
in ya ishe ta warware ƙullin, ki kama bakinki.

Kafin uku da rabi jan allon ya fara dusashewa.
Wani a Rijiyar Zaki ya samu hoton jaririnsa,
bai san an yi masa shara a hanya ba.

Wayata kuwa tana kife a kan tebur.
Tun da aka raba shagunan bayan arba'in ɗin Baba,
ni ce eriyar tsakiya.
"Gaya masa ni ban ci haƙƙinsa ba."
"Gaya masa takardun na nan."
Kowanne ya san wannan, ya san ɗayan ya sani.
Wata takwas ina dakon abin da ba ya ƙara komai.

Yau ban kai wa kowa ba.
Na haɗa su a saƙo ɗaya, suna biyu a sama:
"Ƙafar Inna ta sake kumbura. Asibiti, Laraba, ƙarfe tara."
Na tura.
Kowa ya cire nasa.

Ladanin masallacin bayan masaƙa ya gyara murya.
Na zubar da shayin, na ɗora wani.