Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

An ba ni takardu ɗari biyu da biro uku,
aka ce: je ka Agege, bayan layin dogo,
ka auno mana asibitin nan
da gwamnati ta ba da fili, kamfani ya zuba kuɗi.
Auno. Sai ka ce gero.

Ruwan Legas ya riga ni isa.
Na tsallake kwata a kan katako biyu,
takalmi a hannu, jaka a ka.
Allon ƙofa na ɗauke da tambari biyu
kafaɗa da kafaɗa, kamar ango da abokinsa.

Tabawa mai koko ce ta arba'in da ɗaya.
Ko ludayi ba ta ajiye ba.
Na ce, kin gamsu da aikinsu? Sosai, kaɗan, ko a'a?
Ta ce, daren da na haifi Cindo
unguwa duk duhu, su kaɗai ke da wuta,
fitilarsu ko ƙiftawa ba ta yi ba.
Rubuta sosai.
Bayan salla kati ya tashi daga dubu zuwa dubu uku,
zazzaɓin yaron sai mai saiwa a bakin tasha.
Rubuta a'a.
Na ce, gurbi ɗaya ake cikewa.
Ta ce, to ai kai ne ɗan boko.

Ɗantani maigadi ya ja ni gefe:
rufin ɗakin magani na yoyo tun bara.
An rubuta wa ma'aikata, suka ce na kamfani ne.
An rubuta wa kamfani, suka ce a duba shafi na sittin.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda,
amma in jinka ta fara zuba
hannun wa za a kama?
Bokiti ne kaɗai bai musa ba.

A Ikoyi, hawa na goma sha ɗaya,
sanyin na'ura ya busar min da riga.
Ga ruwa can ƙasa, kwance lumui,
kamar ba shi ke kwana a ɗakunan mutane ba.
Alƙaluma suka hau bango.
Masu zuwa awo sun ninka; gaskiya ne, ni na ƙirga su.
In an kai kashi saba'in, masu jari su kwashi riba.
Mun kai saba'in da biyu.
Aka tafa. Ni ma na tafa.

Tabawa ba ta cikin saba'in da biyun,
ba ta cikin ragowar.
Ranar nan birona ya tsaya tsakanin gurbi da gurbi
har koko ya huce.
Ta ce, kai wa ke biyan ka?
Na ce, su duka.
Ta yi dariya, ta ƙara min sukari.

Yanzu ina danfo, cunkoso tun daga Obalende,
takardar da ban miƙa ba na kan gwiwata.
Tambayoyi goma sha shida ne.
A ƙasa, inda ɗan fari ya rage,
na ƙara ɗaya da hannuna:
Yaya jikin Cindo?

Kwandasta na kiran Oshodi.
Ban sauka ba.