Taya Huɗu, Lahadi Uku

Ni mai faci ne a bakin hanyar Mirya,
rumfata kwano biyu ce da guntun buhu.
Shekara goma sha tara ina kasa kunne
ga iskar da ke fita ta inda ba a aike ta ba.

Zabeiru ya zo da jar Sitalet ɗinsa,
ya cire kujerar baya, wai ta rage nauyi.
Ya ce, Ila, zo ka ga kaya.
Taya huɗu cikin leda, daga Kwatano,
jika ɗari da ashirin,
kuɗin ragon da ya yi wata bakwai yana ba shi dusa.
Na danna babban yatsa, robar ta lotsa.
Ya ce irin ta masu tsere ce,
tana kama ƙasa kamar kaska.
Na ce abin da ya kama ƙasa,
ita ma ƙasar tana kama shi.
Ya yi dariya. Na ɗaura.

Lahadi bayan la'asar, can bayan duwatsu,
inda kwalta ta gaji ta bar wa tsakuwa,
suke jera jarkoki cike da yashi.
Mota ɗaya-ɗaya, ba mai gudu da wani,
kowa da agogo yake kokawa.
Mutari ke riƙe da waya, shi ne alƙali:
ka ture jarka, daƙiƙa biyu a wuyanka.

Lahadin farko, hamsin da biyu.
Ya dawo yana warin ƙonanniyar roba
kamar wanda ya shafa turare.
Ta biyu ya ce in rage iska.
Na rage. Arba'in da tara.
Yaran Garin Malam suka bi shi da tafi har randabawul.
Daren nan na shafa kafaɗar ta gaba, ta hagu,
ta yi sanƙo, ta yi gautsi,
zanen da injin Turawa ya yi mata
ya koma gari a tafin hannuna.

Ta uku ban je ba.
Aka ce a kwana ta shida ne,
ƙara ɗaya, kamar an fasa tulu,
motar ta juya ta kalli inda ta fito.
Ba wanda ya ji ciwo sai jarka biyu.

Ya gangaro min da ita da ƙafa,
wayoyi sun tsattsago kamar gemun bunsuru.
Ya ce, rana ce? Tsakuwa ce? Ko hannuna?
Na ce duka sun ci rabonsu.
Sannan na nuna masa lamba huɗu a gefe,
mako da shekarar da aka toya ta.
Shekara tara tana kwance a sito,
ta tsufa ba ta taɓa ganin hanya ba.

Abin da ban faɗa masa ba:
na ga lambar tun ranar farko.
Amma rago ya riga ya tafi,
kuma ban taɓa ganin haƙoransa duka a waje ba
tun da aka rufe shagonsa.

Ga kurar Sale mai ga-ruwa can,
faci goma sha ɗaya a taya guda,
shekara shida tana hawan Birni da jarka goma.
Ba wanda ya taɓa yi mata tafi.

Tankari mai yankan takalma ya saye huɗun, jika biyu.
Ya ce za su yi ƙafa talatin,
makiyaya za su taka su har Tanut,
damina biyar ba su tsinke ba.

Jiya Zabeiru ya zauna a kan bencina,
ya daɗe yana juya goro a baki.
Ya ce, Ila, arba'in da bakwai tana yiwuwa.
Na ce tana yiwuwa.
Ya ce, wannan karon kai za ka karanta lambar.
Na ɗauko famfo, don ga wani ya tsaya da keke.