Kujeru Biyu a Ƙarshen Tebur

Ni ne magatakardan kwamiti,
shekara goma sha ɗaya ina riƙe da jan biro.
Sau uku muna rubuta ƙa'idojin lafiyar matasa
a ɗakin taron bayan asibiti, nan Tudun Wada,
ƙaramin cikinmu furfura ta riga ta yi masa sallama.

Ran Laraba aka ce a kawo yara biyu.
In faɗi gaskiya, don hoto ne.
Kujerun roba a ƙarshen tebur,
lemon kwalba, cincin a faranti,
mu kuwa muka ci gaba da Turancinmu.

Barira ta zo da kayan makaranta, alli a gefen hijabi.
Mudassir daga garejin Ƙofar Doka,
baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Muna shafi na tara ta ɗaga hannu kamar a aji.
"Kun rubuta takwas zuwa biyu.
Takwas zuwa biyu ina gaban allo.
In an tashe mu, kun kulle.
To wa kuka buɗe wa ƙofar?"

Fanka ce kawai ta amsa.

"Tagar yankan kati kuma
tana kallon mai ƙosan bakin get,
ƙanwar babana ce.
Nas tana haɗa suna da ciwo ta kira da ƙarfi
kamar mai cigiyar akuya.
Kafin in kai Gyallesu
labarina ya riga ni wanke hannu a tuwo."

Mudassir bai ɗago kai ba.
"Sagir abokina, kwalbar maganin tari ta riƙe shi.
Da ƙafarsa ya zo nan, sau ɗaya.
Harara aka ba shi, da wa'azi a tsaye.
Bai dawo ba.
Takardarku ta ce a wayar mana da kai.
Kanmu a waye yake, ranka ya daɗe.
Inda za mu faɗa ba a ce mana 'yan iska ba,
shi muka rasa."

Shugaba ya gyara zaman hula, ya jawo ta magabata:
abin da babba ya hango,
yaro ko ya hau rimi...
Barira ta ce, "Haka ne, Baba.
Amma ƙayar da ke gindin rimin,
mu ne muke taka ta."

Ban san lokacin da jan birona ya hau shafi na tara ba.

Ba duka muka ba su ba.
An samu huɗu zuwa shida, Talata da Asabar.
Taga ta koma baya, wajen dalbejiya.
Za a riƙa kiran lamba a bar suna.
Batun sa hannun iyaye kuwa,
har aka kira la'asar ana ja,
Hajiya Metiron ta ce sai bayan ranta,
Mudassir ya ce zai dawo da mutum biyar.
An sa musu suna a jerin mambobi, da biro, a ƙasan nawa.
Mai hoto ya gaji da jira ya tafi.

Da dare na tarar da Nusaiba tana guga,
'yata, shekara sha biyar,
wadda na rubuta wa dokoki sau uku
ban taɓa tambayarta ko ciwon kai ba.
Na ajiye fayil a kan tabarma.
Na ce, "In kin gama, zo ki duba mini wannan."

Ta dube ni, ta dubi fayil ɗin,
ta ce, "Da jan biron zan duba?"