Bakin Roba

Shekara talatin da huɗu ina sumbatar tagulla,
tun daga filin faretin 'yan sanda
har ranar da aka miƙo mini takardar sallama da agogon bango.
Ta bar mini kanta a leɓen sama,
irin ta goshin mai yawan sujada.

Bara leɓen ya yi mini tawaye.
In na busa da hantsi, kafin azahar ya kumbura,
ya tsattsage, ya yi ruwa.
Likita ya ce, ƙarfen ne, Baba,
azurfar samansa ta cinye,
abin da ke ƙasa ba ya shiri da jininka.
Na ce, bayan duk shekarun nan?
Ya ce, ai ko harshe da haƙori.

Istifanus, wanda muka tsaya sahu ɗaya a badujala,
yanzu yana koyar da yaran majami'a a Sabon Tasha,
ya keto gada da ruwan sama har Unguwar Sanusi,
ya zaro abu a aljihu, kore shar,
kamar murfin buta.
Jikata Tasalla ta zaci usur ne, ta miƙa hannu.

Na zura shi a wuyan ƙahon.
Tsohon bakin, juyi rabi, ya zauna daram.
Wannan kuwa sai rawa yake,
takalmin yayanka a ƙafarka,
iska na sulalewa ta gefe tana tsaki.
Na naɗa zaren tela, ya cije da yawa.
Na warware. Salatif zagaye biyu, ya ƙi.
Zagaye ɗaya da rabi.
Istifanus ya riƙe mini hannu:
kada ka buga da tafi yadda ka saba, Saje,
wannan tsagewa yake, ba ya haƙuri da duka.

Gaskiya ɗaya ce, zan faɗe ta ko ba daɗi:
da asubar Agusta bai cije ni da sanyi ba.
Da na manta shi a rana kan dakali
bai ƙona ni ba.
Ya tarbi leɓena da ɗumi
kamar wani ya riga ni sha a kofin.
Na yi kwana tara ina jiran kumburi, bai zo ba.

Amma murya.
Ta ƙasa ta fito da taushi, ta yafa bargo,
ba laifi.
Ta sama ce, wadda da take huda sarari kamar basilla,
wadda Istifanus ke rantsuwa
yana jiyo ta daga Kakuri in kogi ya kwanta,
yanzu iyakarta teburin mai shayi.
Ina hawa, tsanin na lanƙwasa.
Ƙahon ma ya rasa nauyin ƙeya,
yana ta sunkuyar da kai, sai na tallafe shi.

Na jefa shi cikin kwanon maɓallai, na yi sati ban taɓa ba.

Sai Kofur Dogara, mai babbar ganga, ya rasu.
Mu bakwai muka rage.
Aka ce ni zan yi busan bankwana a bakin kabari.
Na tsaya a jar laka, na rufe koren da yatsu
don kada a gani.
Murya ta ƙarshe, doguwar nan,
na kama ta da ƙyar, ta karkarwa, ta tsaya,
ba ta je nesa ba,
ta dai kai inda aka aike ta, taku biyar, ƙasa.

Matarsa ta ce, yau ƙahonka bai yi faɗa ba, Saje.

Tsohon bakin yana aljihuna tare da makullai,
yana cinye mini ɗinki.
Salatif kuma Tasalla ke naɗawa duk Asabar.
Ta fi ni sanin inda rabin yake.