Saura Arba'in da Bakwai

Ranar da aka kafa shi a bangon zaure,
yaron kamfani yana bisa tsani ya ce, Inna Ige,
daga yau an daina yi miki kintace.
Wannan ba ya cin hanci, ba ya ƙarya,
daga nan yake magana da ofis ko da tsakar dare.
Na ce, maraba da baƙo mai jan ido.
Na ƙunshe wa yaron soyayyar karfasa biyu.

Shekara biyu muna zaman amana.
Jikata Hassi ta karanto lamba ashirin,
in danna da yatsa mai ƙarnin kifi,
ya yi ƙit, ya haɗiye.
Ban taɓa kwana da bashinsa ba.
Firiza na gurnani a ɗaki kamar tsohuwar kyanwa,
tarwaɗa da giwan ruwa na barci cikin ƙanƙara
har motar Kwantagora ta zo ɗauka.

A rediyo na ji, ina gyaran kifi:
wai kamfani ya durƙushe,
bashi ya ci shi, banki ya karɓe makullai.
Na ce, ina ruwan biri da gada?
Ni da nake biya tun kafin in sha.

Daren Laraba, bayan lisha,
ba iska, ba hadari, turke bai faɗi ba,
taransifoma na ƙuginta a bakin masallaci.
Ƙit.
Kyanwata ta yi shiru.

Na leƙa waje. Gidan Nomau mai walda,
wanda ya ja wayarsa ta bayan katanga,
tar da haske, har fanka na juyawa.
Ɗakin mai rasit a gwangwani kuwa, duhu.
Na haska mita, ga shi ɓaro-ɓaro:
saura arba'in da bakwai.
Hatsina ne a rumbuna,
an danna kwado, an jefa makulli a Kwara.

A da, in mai yankan wuta ya zo, da fuskarsa yake zuwa.
A ba shi ruwa, a tuna masa ya san mahaifiyarsa,
a riƙe ƙafar tsani har ya ji kunya.
Yanzu tsanin wa zan riƙe?
Wani yatsa ne a wani gari,
ko ma ba yatsa,
na'ura ce ta tsinci sunana a layin marasa mai shi.

Na taka har ofis, can gaban tashar Yelwa.
Kwado, da takarda da rana ta cinye rabi.
Arzika maigadi, wata huɗu ba albashi,
yana ƙasta goro ya ce:
tsohon ya mutu, sabon bai karɓi gado ba.
Sunayenku na cikin kwamfuta,
kwamfuta na hannun alƙali,
alƙali ya ɗage zama.
Ya miƙo mini ɓarin goron. Na karɓa.

Kwana biyu ƙanƙara ta zama hawaye,
ƙuda ya fara kawo gaisuwa.
Na tono ganga da ragar banda daga bayan ɗaki,
na hura itace kamar yadda kakata ke yi
a gungunsu, wanda yanzu jirage ke bi ta kansa.
Su aka ce wa, ku tashi, ruwa zai zo,
ku ba da gona da kushewa, a ba ƙasa haske.
Suka tashi.

Rabin kifin na tsirar, rabi karnukan bakin gulbi suka yi biki.
Hassi na aikin makaranta a gefen banda,
hayaƙi na sa ta hawaye, tana goge su da littafi.
Ta ce, Inna, in mai bashi ya mutu, wa ke biya?
Na ce, magada.
Ta ce, in magadan ba su zo ba fa?
Na juya kifi.

Kullum da asuba, in zan fita gulbi,
nakan tsaya a zaure mu dubi juna.
Jan idonsa na nan yana kiftawa,
bai ci hanci ba, bai yi ƙarya ba:
saura arba'in da bakwai.