Ƙugiyar Baba Jatau

A Ƙofar Doka, bayan inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja,
akwai wata rumfar langa-langa mai warin fenti da kananzir.
Nan Baba Jatau ya shekara talatin da ɗoriya
yana rubuta wa masu shaguna sunayensu a allo.
Ni ne yaron da ke wanke masa buroshi.

Ranar farko ya miƙo mini alli, ya ce in rubuta ƙusa.
Na rubuta.
Ya duba, ya juya goro a kunci, ya ce,
"Wannan kusa ce. Ɗauki guduma ka buga ta a katako mu gani."
Sai ya kama hannuna
muka lanƙwasa kan harafin tare,
kamar mai tanƙwaro reshe don yaro ya tsinki mangwaro.

Yakan ce kura daban, ƙura daban:
ɗaya tsintsiya ke korar ta,
ɗaya kuwa sai an tashi gari.
Baƙi a ba su tabarma,
baki a ba shi linzami.
Ina dariya, shi ko gezau.

Wata shekara, gab da azumi,
Alhaji Barau mai hatsi na Tudun Wada
ya aika wa yaron shagonsa 'yar takarda kan ƙanensa Nomau:
"bashi buhu biyu."
Nufinsa a ba shi, kyauta, ya ciyar da iyali.
Yaro ya buɗe littafin bashi ya zuba suna.
Bayan Sallah aka tura a karɓo kuɗi.
Shekara biyu
ciki ɗaya ba sa gaisawa ko a wajen jana'iza,
a kan tazarar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba.

Yanzu furfura ta fara mini sallama.
Rumfar ta zama tawa, har da bencin mai gurguwar ƙafa.
'Yata Tasalla tana karatu a Samaru,
jiya ta turo saƙo: "Baba kudi sun kare."
Na ce mata kare dai yana bakin mahauta.
Ta ce, "Haba Baba, ai ka gane."
Na gane mana. Na ma tura.
Shinkafa mai tsakuwa ita ma tana ƙosarwa,
haƙori ne kawai ya san abin da ya gamu da shi.

Ranar Laraba ce, ana yayyafi,
ina tsakiyar allon wani mai gyaran taya daga Kwangila,
waya ta yi ƙara a aljihu.
Kalma uku: "Jatau ya mutu."
Yaron da ya rubuto bai yi ƙarya ba.
Amma agogo ma yana mutuwa, da fitila, da kasuwa.
Da ya ce ya rasu,
da na samu inda zan dafa kafin in zauna.

Bayan sadakar uku suka kawo mini ɗan farantin ƙarfe
wanda za a kafa a kansa.
Na sha ratsa maƙabarta ina karanta na wasu:
Allah ya jikan wane, Allah ya jikan wance,
addu'a ta koma lissafin dangi.
Allah ya san nufin bayinsa, ban musa ba.
Amma Baba Jatau bai bar ɗa ba, balle jika.
Abin da ya bari shi ne wannan hannun.

Na dama farin fenti, na tace shi sau biyu.
Na rubuta j, na rubuta i.
Da na zo kan na ukun sai buroshi ya yi rawa.
Na jira.
Motoci suna wucewa zuwa cikin birni,
mai shayi yana kiran canji.
Sannan na ja layin sama,
a hankali na lanƙwasa kansa,
yadda ya koya mini.